Barcelona: Me ya sa ƙungiya mai fiye da shekara 125 ke sayen ɗan wasa ta kasa yi masa rajista?

A farkon watan Janairun 2025 hukumar La Liga ta cire sunan Dani Olmo daga jerin 'yan wasan Barcelona. Ba laifi ya yi aka dakatar da shi ba, ba kuma rauni ya ji ba. Ƙungiyar ta sayo shi daga RB Leipzig a Agustan 2024, tana biyansa albashi, har ya riga ya ci mata ƙwallaye, amma a takarda ba shi da izinin buga mata wasa. Sai da hukumar gwamnatin Sifaniya mai kula da wasanni ta sa baki bayan kimanin mako guda sannan ya samu damar komawa fili.

Ba a kansa aka fara ba. A Agustan 2021 Lionel Messi ya yarda a zaftare rabin albashinsa don ya zauna, duk da haka ƙungiyar ta ce ba za ta iya yi masa rajista ba, ya tattara ya koma PSG. Jules Koundé bai buga wasanni biyu na farkon kakar 2022/23 ba saboda irin wannan matsala. Gavi kuwa sai da kotu ta shiga maganarsa a Janairun 2023. A 2025 ma sai dab da wasan farko aka shigar da sunan Joan García da Marcus Rashford.

Tambayar da ake ta yi a gidajen kallo ita ce: in babu kuɗi, da me ake sayen 'yan wasan? In kuma akwai, me ya hana rajista? Amsar tana tattare da abu biyu. Na farko shi ne wanda ya mallaki Barcelona, kuma wannan magana ce da ta faro tun 1899. Na biyu wata doka ce ta La Liga da ta fara aiki a 2013.

## Ƙungiyar da ba ta da mai ita

Wani matashi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Hans Gamper, wanda daga baya aka fi sani da Joan Gamper, shi ya sa talla a wata jaridar wasanni a Oktoban 1899 yana neman masu sha'awar buga ƙwallo. Ranar 29 ga Nuwamba mutum goma sha biyu suka taru a wani gidan motsa jiki a birnin Barcelona suka kafa ƙungiya. Shugabanta na farko shi ne Walter Wild. Babu attajirin da ya zuba jari. Kowa yana biyan kuɗin zama mamba, da shi ake sayen ƙwallo a biya hayar fili.

Tsarin da aka ɗora ta a kai ke nan, kuma har yau bai sauya ba. Mambobi, waɗanda yanzu sun haura dubu 140, su ne masu ƙungiyar. Su ke zaɓen shugaba ta hanyar jefa ƙuri'a, suna kuma iya tara sa hannu su nemi a tsige shi. Akwai majalisar wakilan mambobi da ke amincewa da kasafin kuɗi da sayar da manyan kadarori. Mamba ba ya karɓar riba a ƙarshen shekara, ba ya kuma iya sayar da kasonsa, domin babu hannun jari balle a sayar.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, ranar da asusu ya bushe babu wani mai gida da zai zura hannu a aljihu ya cike giɓi, irin yadda Roman Abramovich ya yi wa Chelsea shekara da shekaru, ko yadda masu Manchester City da PSG ke yi. Barcelona hanya uku take da ita: ta ƙara kuɗin shiga, ta ci bashi, ko ta sayar da wani abin da ta mallaka. Tun 1908 ta fara ɗanɗana wannan, lokacin da mambobi suka ragu zuwa 38 aka fara maganar rufe ta, sai Gamper ya karɓi shugabanci ya shiga neman sababbin mambobi da kansa.

## Yadda siyasa ta ƙara ƙulla tsarin

Da ba don siyasar yankin Kataloniya, inda birnin Barcelona yake, ba, wataƙila da mambobi ba su riƙe wannan tsari da ƙarfi haka ba. A 1925, zamanin mulkin soja na Primo de Rivera, 'yan kallo suka yi wa taken ƙasar Sifaniya ihu a Les Corts, filin ƙungiyar na wancan lokaci. Gwamnati ta ba da umarnin rufe filin na wata shida, ta tilasta wa Gamper barin shugabanci. A Agustan 1936, farkon yaƙin basasa, sojojin ɓangaren Janar Franco suka kama shugaban ƙungiyar, Josep Sunyol, suka harbe shi. Rangadin da 'yan wasa suka yi a Meksiko da Amurka a 1937 shi ya samar da kuɗin da ya hana ƙungiyar durƙushewa, ko da yake da yawansu ba su dawo gida ba. Bayan yaƙin aka sauya mata suna zuwa na yaren Sifaniyanci, hukuma kuma ta riƙa naɗa mata shugabanni.

A lokacin da aka takura wa yaren Kataloniya da tutarta, filin ƙwallo na daga cikin wuraren da mutane ke iya taruwa da yawa su nuna su wane ne su. Daga nan kirarin da shugabanta Narcís de Carreras ya furta a 1968, cewa Barcelona ta wuce a kira ta ƙungiyar ƙwallo kawai, ya samu gindin zama. Shi ya sa har yau ɗan takarar da ya kuskura ya ce zai sayar da ita ga wani attajiri ya san ya faɗi zaɓe tun kafin ranar.

## Camp Nou da babban bashi na farko

Wanda ke zaton halin da ake ciki yanzu sabon abu ne, ya duba shekarun 1950. Zuwan László Kubala ya sa filin Les Corts ya yi wa 'yan kallo kaɗan, aka yanke shawarar gina sabo. An yi kiyasin aikin ba zai kai miliyan 70 na peseta, kuɗin Sifaniya na wancan lokaci, ba. Ranar 24 ga Satumban 1957 da aka buɗe Camp Nou, kuɗin ya kai miliyan 288.

Lissafin da aka yi shi ne a sayar da tsohon fili a biya bashin sabon. Sai maganar ta maƙale shekaru, domin filin Les Corts ba shi da izinin a yi gidaje a kansa, kuma ba tare da izinin ba ba zai yi daraja ba. A wannan tsakani, a 1961, ƙungiyar ta sayar da Luis Suárez, ɗan Sifaniyan da ya lashe Ballon d'Or a 1960, ga Inter Milan kan peseta miliyan 25, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a duniya a lokacin. Sai a tsakiyar shekarun 1960 gwamnatin Franco ta amince da sauya wa filin matsayi aka sayar da shi. Magoya bayan Real Madrid kan kafa hujja da wannan su ce ashe gwamnatin ba gaba kawai ta yi da Barcelona ba, kuma masu tarihi na ɓangarorin biyu har yanzu suna ja-in-ja a kai.

A fili kuwa, daga kofin La Liga na 1960 ƙungiyar ba ta sake ɗaga shi ba sai 1974, bayan zuwan Johan Cruyff. Shekara goma sha huɗu ke nan. Sabon fili, bashi mai nauyi, da rabuwa da gwarzon ɗan wasa: duk ukun sun sake haɗuwa bayan shekara sittin.

## Dokar 1990 da ƙungiyoyi huɗu da aka ware

Zuwa ƙarshen shekarun 1980 bashi ya yi wa yawancin ƙungiyoyin Sifaniya katutu. Gwamnati ta kafa dokar wasanni a 1990 wadda ta tilasta musu komawa kamfanoni masu hannun jari, don a san wanda za a riƙe idan aka yi asara. An ware guda huɗu da littattafansu suka nuna ba su cikin asara a shekarun da suka gabata: Real Madrid, Barcelona, Athletic Bilbao da Osasuna. Barcelona ta samu shiga wannan rukuni ne a zamanin Josep Lluís Núñez, wanda ya shugabance ta daga 1978 zuwa 2000, mutumin da aka sani da riƙe bakin aljihu. A hannunsa Maradona ya tafi Napoli a 1984, Ronaldo ɗan Brazil ya tafi Inter a 1997. A hannunsa kuma aka buɗe gidan rainon matasa na La Masia a 1979, aka ci kofin Zakarun Turai na farko a Wembley a 1992.

Warewar ta zo da sharaɗi. Shugabannin waɗannan ƙungiyoyi sai sun kawo lamunin banki da ya kai kashi 15 cikin ɗari na kasafin shekara, wanda za a taɓa idan suka jawo asara. A 2021 lamunin da aka nema daga Joan Laporta, wanda ya ci zaɓen shugabancin Barcelona a shekarar, da mutanensa ya haura yuro miliyan 124, kuma da ƙyar suka haɗa shi kafin wa'adi ya cika. Daga baya an sassauta wannan sharaɗi.

## Zaɓe, alkawari, da kuɗin Neymar

Tsarin zaɓe yana da nasa tasiri a kan yadda ake kashe kuɗi. Shugaba na da wa'adi, kuma mambobi kan auna shi ne da kofuna da manyan sunaye, ba da abin da ya rage a asusu ba. Bashin da ya ci kuwa sau da yawa wanda ya gaje shi ne zai biya. Florentino Pérez ya ci zaɓen Real Madrid a 2000 da alkawarin ɗauko Luís Figo daga Barcelona, ya kuma cika. Laporta ya yi yaƙin neman zaɓe a 2003 da sunan David Beckham, ya ƙare da kawo Ronaldinho.

Daga 2006 zuwa 2015 tsarin ya yi kamar ba shi da aibi. An ci Gasar Zakarun Turai sau huɗu, a 2006 da 2009 da 2011 da 2015, kuma ƙashin bayan tawagar, wato Messi da Xavi da Iniesta da Puyol da Busquets, yaran gida ne da ba a saye su da wani kuɗin kirki ba. Fiye da shekara ɗari rigar ƙungiyar ba ta ɗauke da tallar kamfani a ƙirji, har ma a 2006 ita ce ta riƙa biyan UNICEF don ta sa sunanta. Amma tun 2010 shugaba Sandro Rosell ya ce asusu na cikin matsi, ya ƙulla yarjejeniyar talla da Qatar.

Abin ya kwaɓe ne daga Agustan 2017, lokacin da PSG ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar. Duniya ta san Barcelona na riƙe da kuɗi kuma tana cikin gaggawa, don haka kowa ya tsauwala mata farashi. Shugaba Josep Maria Bartomeu ya sayi Ousmane Dembélé kan miliyan 105 ban da ƙarin da zai biyo baya, ya sayi Philippe Coutinho a Janairun 2018 kan kusan miliyan 120 ban da ƙari, sannan Antoine Griezmann a 2019 kan miliyan 120. A gefe guda ana ta sabunta kwantiragin manyan 'yan wasa da albashi mai tsoka na shekaru masu yawa. Jaridar El Mundo ta wallafa a 2021 cewa kwantiragin Messi na shekara huɗu zai iya kai wa yuro miliyan 555.

Muddin kuɗi na shigowa, ana iya ɗaukar wannan nauyi. A kakar 2018/19 ƙungiyar ta bayyana kuɗin shiga na yuro miliyan 990. Sai annobar korona ta rufe Camp Nou da gidan tarihin ƙungiyar da shagunanta daga Maris 2020, alhali Barcelona ta dogara ƙwarai da 'yan yawon buɗe ido. Kuɗin shiga ya faɗi, albashi na nan yadda yake. Har aka kai ga dabarun gyara littafi, kamar musayar Arthur da Miralem Pjanić tsakaninta da Juventus a 2020, inda aka yi wa ɗaya kuɗi miliyan 72, ɗayan miliyan 60, kowane ɓangare ya rubuta riba a takarda ba tare da wani kuɗi mai yawa ya motsa ba. A Agustan wannan shekara Bayern Munich ta ci ta 8-2, biyu daga cikin ƙwallayen kuma Coutinho ne ya ci, yana zaman aro a can. Mambobi suka tara sa hannu kusan dubu 20, Bartomeu ya sauka a Oktoba kafin a kaɗa ƙuri'ar tsige shi.

Laporta ya dawo a Maris 2021. A Agusta ya sanar cewa bashin ya kai yuro biliyan 1.35, asarar kaka ɗaya ta kai miliyan 481, albashi kuma ya haura abin da ke shigowa. Ɓangaren Bartomeu ya musanta lissafin, yana cewa sababbin shugabanni sun kumbura asarar ta hanyar rage darajar wasu 'yan wasa a littafi da ware kuɗin shari'o'in da ba a yanke ba, don laifin ya koma kan tsofaffi.

## Mece ce iyakar kashe kuɗi ta La Liga?

A nan ne yawancin ruɗanin yake. Sayen ɗan wasa ciniki ne tsakanin ƙungiyoyi biyu, kuma yawanci kashi-kashi ake biya cikin shekaru. La Liga ba ta hana wannan. Rajista kuwa izini ne na buga gasa, kuma La Liga ba ta bayarwa sai ɗan wasan ya shiga cikin iyakar da ta yanka wa ƙungiyar.

Ga yadda ake fitar da iyakar. Kafin kaka ta fara, kowace ƙungiya na miƙa kiyasin abin da za ta samu. A cire kuɗin gudanarwa da ba na wasa ba, a cire bashin da ya wajaba a biya da asarar baya da ake cikewa. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da za ta iya kashewa a kan tawaga. Ba albashin 'yan wasa kaɗai ke ciki ba. Akwai na koci da mataimakansa, da ladan dillalai, da ƙungiyoyin matasa da sauran sassan wasanni, da kuma kuɗin sayen ɗan wasa da ake rarraba wa shekarun kwantiraginsa. Misali, wanda aka saya miliyan 50 na shekara biyar, za a lissafa masa miliyan 10 kowace shekara, a ɗora albashinsa a kai.

Ƙungiyoyin ne da kansu suka amince da tsarin a 2013, shekarar da Javier Tebas ya zama shugaban La Liga. A 2012 hukumar haraji na bin ƙungiyoyin ƙwallon ƙasar kusan yuro miliyan 750, da dama sun shiga hannun kotun masu karyewar arziki, 'yan wasa kuma sun yi yajin aiki a 2011 saboda rashin biyan albashi. Bambancinsa da na Ingila shi ne lokacin bincike. A gasar Firimiya ana barin ƙungiya ta kashe, daga baya a duba littafi a hukunta ta, kamar yadda aka cire wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24. A Sifaniya tun a bakin ƙofa ake tare ta.

Iyakar Barcelona a kakar 2019/20 ta kai yuro miliyan 671. A farkon 2021/22 ta faɗo ƙasa da miliyan 100, zuwa Maris 2022 kuma ta koma ƙasa da sifili da miliyan 144. Ƙungiyar da ta zarce iyakarta ba a hana ta komai ɗungurungum ba, amma ba ta da ikon kashe duk abin da ta rage. A 2021 kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka yarda mata: ta sallami mai albashin miliyan 20, ta samu gurbin miliyan 5. An ɗan sassauta kason daga baya. Abin da jaridu ke kira komawa tsarin 1:1 shi ne ƙungiya ta dawo cikin iyakarta, yadda duk yuro ɗaya da ta rage za ta iya kashe shi cikakke. Da wannan lissafi, ko da rabin albashi Messi ba zai shiga ba.

## Sayar da kuɗin gobe

A wancan watan na Agustan 2021 La Liga ta kawo wata mafita: kamfanin zuba jari na CVC zai ba ƙungiyoyi kuɗi a dunƙule, ya riƙa karɓar wani kaso na kuɗin talabijin har shekara 50. Barcelona da Real Madrid da Athletic Bilbao suka ƙi. Laporta ya ce ba zai jinginar da makomar ƙungiya na rabin ƙarni ba, ko da a kan Messi ne.

Shekara guda bayan haka ya yi makamancin abin da kansa, da amincewar majalisar mambobi. Ya sayar wa kamfanin Sixth Street na Amurka kashi 25 cikin ɗari na kuɗin talabijin da ƙungiyar ke samu daga La Liga na tsawon shekara 25, kan abin da ya haura yuro miliyan 500. Ya kuma sayar da kashi 49 cikin ɗari na sashen shirya bidiyo na Barça Studios ga kamfanoni biyu, kowanne kan miliyan 100. Waɗannan ne aka yi ta kira palancas. Kamar manomi ne da ya karɓi kuɗin wani kaso na hatsinsa na shekaru masu zuwa tun yau, ya sayi taki da shanun huɗa da fatan amfanin zai ninka har ya rufe abin da ya bayar.

Da kuɗin aka yi rajistar Robert Lewandowski da Raphinha da sauransu, aka ci La Liga a 2023 ƙarƙashin Xavi. Sai dai an sake fitar da ƙungiyar a matakin rukuni na Gasar Zakarun Turai a wannan kaka, wanda ya rage abin da aka sa rai. Mafi muni, wani ɓangare na kuɗin Barça Studios bai shigo ba, musamman miliyan 40 da kamfanin Libero na Jamus ya yi alkawari. La Liga ta cire abin da bai shigo ba daga lissafi, ta kuma tsaurara doka yadda sayar da kadara ba zai ƙara ɗaga iyaka sosai ba. Hukumar UEFA ma ba ta ɗaukar irin wannan kuɗi a matsayin kuɗin shiga na yau da kullum, kuma a 2025 ta ci Barcelona tarar yuro miliyan 15, da gargaɗin ƙari idan ba ta gyara ba.

## Rikicin Olmo da abin da kowane ɓangare ke cewa

Akwai ƙa'idar da ta ce idan ɗan wasa ya ji raunin da zai ɗauke shi watanni, ana iya amfani da wani kaso na albashinsa a yi wa wani rajista na ɗan lokaci. Da raunin Andreas Christensen aka shigar da Olmo har zuwa 31 ga Disamban 2024. Don ta tsawaita rajistar, ƙungiyar ta sayar da kujerun alfarma 475 na sabon Camp Nou, da ba a gama ginawa ba, na shekara 30 kan yuro miliyan 100. La Liga ta ce shaidar biyan ba ta cika ba kafin wa'adi. Da ta cika bayan 'yan kwanaki, sai aka ce ƙa'ida ta hana ƙungiya sake yi wa ɗan wasa rajista a kakar da aka soke lasisinsa. Hukumar wasanni ta gwamnati ta dakatar da hukuncin, a Afrilu kuma ta tabbatar da matsayinta, bisa hujjar cewa kwamitin da ya yanke shi ba shi da hurumi.

La Liga da ƙungiyoyi irin su Atlético Madrid sun ce wannan ya raunana doka. Hujjarsu ita ce ƙananan ƙungiyoyi na sayar da gwanayensu kowace shekara don su cika sharaɗi, kuma ba su da ƙarfin da za su kai kukansu ga gwamnati a saurare su cikin mako guda. Tebas na nuni da cewa tsarin ne ya kawo ƙarshen bashin haraji da na albashi a gasar.

Shugabannin Barcelona na cewa sun gaji ɓarna ne, sun rage albashi sosai, kuma tsarin ya yi tsauri har yana hana gasar Sifaniya gogayya da ta Ingila a kasuwar 'yan wasa. A ganinsu, da sun zauna shekara biyar ba saye, da an daina cin kofi, masu talla su janye, bashin ya fi ƙarfin biya. Suna kafa hujja da yarjejeniyar Spotify ta 2022, da sabunta ta Nike a 2024, da kofuna uku na cikin gida da koci Hansi Flick ya ci a kakar 2024/25.

Akwai ɓangare na uku a cikin gida, irin su Víctor Font da ya zo na biyu a zaɓen 2021. Su ba sa musun cewa an gaji ɓarna, amma suna cewa an sayar da kadarori an kashe kuɗin a kan 'yan wasa maimakon gyara tushe. Abin da ke ƙarfafa maganarsu shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki nauyin tawagar Flick, kamar Lamine Yamal da Pau Cubarsí da Alejandro Balde da Fermín López, daga La Masia suka fito ba daga kasuwa ba. Abin da ke raunana ta kuma shi ne Lewandowski da Raphinha da Koundé, waɗanda kuɗin palancas ya kawo, suna cikin wannan nasara dumu-dumu.

## Waɗanda abin ya taɓa

'Yan wasa ne suka fara ji. A 2021 Piqué da Busquets da Jordi Alba sun rage ko sun jinkirta albashinsu don a yi wa sababbi rajista. A 2025 takardar likita ta zama abin faɗa: Marc-André ter Stegen ya sanar cewa tiyatar bayansa za ta ɗauke shi wata uku, alhali ƙungiya na buƙatar a tabbatar da aƙalla huɗu kafin ta yi amfani da albashinsa. Ya ƙi sa hannu a tura rahoton, aka karɓe masa kyaftin na 'yan kwanaki, sannan aka sasanta.

Tun da sauran sassa na cikin lissafi ɗaya, matsin ya gangara har kansu. An rufe tashar Barça TV a 2023, ma'aikata suka rasa aiki. A shekarar aka soke kwantiragin Nikola Mirotić, babban tauraron ƙwallon kwando. Ƙungiyar mata, wadda Asisat Oshoala ta Najeriya ta ci Gasar Zakarun Turai da ita a 2021 da 2023, ita ma kasafinta na ƙarƙashin wannan iyaka duk da nasarorinta.

Mambobi kuwa sun bar gidansu. Daga 2023 aka koma filin Montjuïc saboda aikin sabunta Camp Nou, kuma cikin fiye da mutum dubu 80 masu tikitin kaka, ƙasa da dubu 20 ne suka yanki na can a shekarar farko.

## Abin da ke gaba

Lissafin shugabanni duk ya rataya ne a kan sabon fili. A 2023 aka karɓo rancen yuro biliyan 1.45 ta hannun bankunan Goldman Sachs da JP Morgan, kamfanin Limak na Turkiyya ya karɓi ginin, da nufin filin ya ɗauki mutum dubu 105. An yi niyyar dawowa a ƙarshen 2024, amma sai a Nuwamban 2025 aka buga wasan farko, kuma wani sashe kawai aka buɗe. Wannan rance daban yake da tsohon bashi, kuma daga ƙarin kuɗin da filin zai samar ake sa ran biyansa. Ke nan ba duk abin da ya shigo ta ƙofa ne zai tafi ga tawaga ba, kamar yadda rubu'in kuɗin talabijin na La Liga zai ci gaba da tafiya wurin Sixth Street har 2047.

Wasu masana harkar kuɗi na ganin ƙarshenta sai an buɗe ƙofa ga masu jari, suna misali da Bayern Munich, inda mambobi ke riƙe da kashi 75 cikin ɗari, Adidas da Audi da Allianz suka raba sauran. Masu adawa da haka suna nuna Valencia, wadda magoya bayanta suka shafe shekaru suna zanga-zanga kan Peter Lim da ya saye ta a 2014 ba tare da suna da ƙuri'ar cire shi ba. Laporta ya sha nanata cewa ƙungiyar za ta ci gaba da zama ta mambobi, kuma kowane irin sauyi sai ya bi ta hannun mambobin.

Ga mai bin labarin cinikin 'yan wasa daga nesa, sanarwar cewa an kammala ciniki ba ta nufin ɗan wasa zai buga. La Liga na wallafa iyakar kowace ƙungiya bayan rufe kasuwar bazara da ta Janairu, kuma daga wannan adadi, da albashin waɗanda suka tafi, ake gane ko sabon da aka ɗauko zai samu gurbi.